Shekarar da Na Kai Kayan Bale Marina

Shekarar da aka sauya wa ƙasar nan suna, aka sauke tuta mai launi uku aka ɗaga koriya mai jan tauraro, a shekarar na buɗe rumfar ɗinki ta kaina a Titirou, cikin Parakou. Aikin farko da ya shigo mini tutocin makarantu ne. Koren ba shi da wuya. Tauraron ne aiki, domin yadi in an yanka shi a karkace miƙewa yake yi, sai ka ga ƙafa ɗaya ta fi sauran huɗun tsawo. Telolin da suka yi gaggawa an mayar musu da nasu. Ni na yanka tauraron a kwali tukuna, na ɗora a kan yadi na bi da alli, ba a mayar mini da ko ɗaya ba.

Ku da kuke zaune a kan keken lantarki yau, kuna taka shi kuna hira, na sha jin kuna cewa ɗinki miƙe layi ne kawai. To, ga yadda ni na same shi.

Ni ɗan Djougou ne. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauka a can suka ƙi tashi. Mahaifina ya kawo ni Parakou wurin Baba Sule tela ina da shekara goma sha uku. Shekara biyu ƙafata ba ta taɓa keke ba. Aikina hura gawayi a dutsen guga, da kalmasa da hannu, da farke ɗinkin da wasu suka ɓata ba tare da na cuci yadin ba. Kayan aikinsa ba su da yawa: keke ɗaya na ƙafa, almakashi biyu, babba na yanka da ƙarami na zare, da alli, da kwalbar man keke mai gashin kaza a ciki. Wanda ya yanka takarda da babban almakashin nan, ranar ba shi da abincin rana. Akwai kuma randa a bayan rumfa. Duk yadin auduga da ya shigo sai ya shiga randar nan, ya bushe, an goge, kafin almakashi ya taɓa shi. Baba Sule yakan ce, “Yadin da bai sha ruwa ba ƙarya yake maka a kan tsawonsa.”

Tutocin nan ne suka jawo mini Kamarad Bio. A lokacin kowa kamarad ne, har limami in ya shiga ofis. Bio malamin makaranta ne, ba Babarbare ba ne, Bariba ne, shi aka ɗora a kan bale ta lardi. Bale ita ce ƙungiyar raye-raye da gwamnati ta kafa, ana tattaro samari da ’yan mata daga ƙauyuka su yi rawar gargajiya a jere, da labari a ciki, gaban manyan baƙi. Ya ce mini, “Wanda ya iya tauraro zai iya wando.”

Wandon farko da na ɗinka musu bai kai la’asar ba. Na ɗinka shi kamar na mai zuwa masallaci. Sabi, babban ɗan rawarsu, ya durƙusa sau ɗaya ya yi tsalle, hantsar ta buɗe. Daga ranar na riƙa rufe rumfa ina zuwa kallon gwajinsu, ba don rawar ba, don in ga inda jiki ke jan yadi. Na koyi sa ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata don hannu ya ɗagu ba tare da rigar ta bi shi ba. Na koyi bin hantsa sau uku. Wurin ado da ake ɗinkawa a jikin riga kuma, kowane ɗaya da ƙullinsa, domin in ka jera su a zare ɗaya ya tsinke, duk za su zube, masu rawa kuma ba takalmi suke sawa ba. Bujen mata nakan sa masa siririyar igiya a cikin kalmasa, don in mace ta juya ya buɗe kamar faifai, in ta tsaya ya sauka nan take.

A lokacin ban iya rubutu ba. Kowane ɗan rawa yana da igiyarsa ta ƙyalle a rataye a ƙusa: ƙulli na farko kafaɗa, na biyu ƙirji, na uku ƙugu, na huɗu tsawo. Launin ƙyallen ke gaya mini mai shi. Ban taɓa rikita biyu ba.

Bujen nan ya jawo mini kasuwar da ban nema ba. ’Yan matan gari suka gan shi a jikin Bake, wadda ke gaban layin mata, suka fara zuwa da atamfarsu suna cewa a yi musu “irin na bale”. Sallar shekarar sai da na riƙa mayar da mutane. Har matan ma’aikatan jirgin ƙasa suna aiko da yadi daga Kwatano.

Akwai wani mutum da nake ɗinka wa, Tanko. Mahauci ne a babbar kasuwa, amma duk inda bale za ta yi wasa shi ke fitowa tsakanin rawa da rawa ya ba mutane dariya kafin masu rawa su sauya kaya. Siriri ne kamar sanda. Ni na ɗinka masa tumbin ƙarya, na cusa audugar rimi, da maɗauri a baya. Da tumbin nan yake fitowa a matsayin ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi. Ba ya kirana da sunana, Idi. Kullum “Sarkin Allura” ne, ni kuma in ce masa “Sarkin Ƙuda”.

A shekara ta huɗu da fara aikina da su, cikin damina, Bio ya zo rumfa da bandir biyu a bayan kekensa na hawa, ɗaya ja, ɗaya kore, suna sheƙi. Ya ce an buɗe talabijin, wadda ake ce wa tele, a Kwatano, za a turo mutane da mota su ɗauki balen lardinmu. Minti goma sha biyu aka ba mu, Tanko kuma uku. Rawar da za a yi ta manoma da makiyaya ce: sun yi faɗa a kan rijiya, sun cakuɗe, daga baya sun shirya sun rungumi juna. Mutum goma sha biyu kowane ɓangare, maza shida mata shida. Manoma kore, makiyaya ja, Sabi da Bake suna cikin manoma. Babban ofishin lardi ne ya zaɓi launin da kansa, launin tuta.

Na ɗauki bandir ɗin zan kai bayan rumfa, Bio ya riƙe hannuna.

“Ina za ka kai shi?”

“Ruwa.”

“Kar ka soma. Sheƙin nan ake so. An ce fitilar tele tana son sheƙi.”

“Kamarad, ranar da aka wanke shi zai tsuke.”

“Ranar da aka wanke shi an riga an ɗauka. Sau ɗaya za a sa.”

Na san ƙa’ida, na bar ta. Na dai bar rarar yatsa ɗaya a cikin kowane ɗinki. Mako uku na yi a kan kayan nan, kuma ban taɓa yin aikin da ya kai su ba. Wuri layi biyu a ƙirji, layi ɗaya a bakin hannu.

Mutanen tele suka iso ran Litinin. Ran Talata da hantsi aka yi gwaji da kaya a zauren taro na gari. Ɗauka kuwa ran Juma’a bayan masallaci, Asabar su kama hanya. Ina tsaye a gefe da allura a bakin hulata, masu rawa suka shigo, ja da kore, zauren ya haska. Ba a yi nisa ba shugaban ’yan telen ya ɗaga hannu, makaɗa suka tsaya. Ya yi magana da Faransanci, Bio ya waiwayo ya yafito ni.

“Yana tambaya wane ne tela.”

Mutumin ya ja ni gaban wani ɗan akwati mai gilashi da ke kan tebur. Ban taɓa ganin irinsa ba. Bio yana fassara.

“Ya ce ka nuna masa manoma.”

Na nuna dandali. “Ga su can.”

“Ya ce ba can ba. A nan ciki.”

Na sunkuya na duba. Ga Sabi, ga Bake, ga su duka ƙanana suna motsi. Amma babu ja, babu kore. Su ashirin da huɗu launinsu ɗaya, ruwan toka. Na ɗaga kai na dubi dandali, na sake duban akwatin. Babu wanda ya taɓa gaya mana cewa talabijin baƙi da fari kawai take gani. Su na Kwatano sun ɗauka kowa ya sani. Mu kuwa ko Bio bai taɓa zama gabanta ba.

Mutumin bai yi faɗa ba. Ya ce in an cakuɗe a bakin rijiya mai kallo ba zai san wa ke dukan wa ba, labarin ya mutu. Ko dai ɓangare ɗaya ya yi duhu sosai, ko ya yi haske sosai. In ba haka ba zai ɗauki wani abu dabam.

A waje na ce wa Bio mu koma ofis a ba mu wani yadi. Ya dubi hagu da dama kafin ya amsa.

“In je in ce musu launin tuta bai yi ba? Idi, kana da iyali. Ni ma ina da su. Ka gyara abin nan shiru, kar ya fita daga tsakaninmu.”

Tanko yana zaune a kan taga yana cin gyaɗa, tumbinsa a gefe. Ya ji komai.

“Sarkin Allura, kwantar da hankalinka. Ina da fararen taguwoyin yarana a mahauta. In kawo maka goma sha biyu? Da jini da ƙuda, ba sai ka yi ado ba.”

“Rufe mana baki, ana maganar aiki.”

Ba’a ce ya yi, amma maganin yana cikinta. Farin akoko yana nan a kasuwa, arha. Taguwa goma sha biyu marasa ado, kwana biyu sun ishe ni, a ɗora a kan wando da bujen da ke akwai. Ban bi ta nan ba. Ina so a ga wurin nan da na jera, da aikin mako uku. Sai na tuna da Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata, marini a Djougou. Koren in ya shiga baba zai koma kusan baƙi, jan ya tsaya yadda yake. A Parakou ma akwai marina, amma a Parakou labari zai isa ofis kafin yadi ya bushe.

Ran Laraba da safe na ɗaure kayan manoma a buhu na hau kamiyon, wato babbar motar doya. Bayan azahar ina karofi. Kawu Mamman yana tsugune a bakin rami, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Ya zaro riga ɗaya, ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai hanci.

“An wanke kafin a yanka?”

“A’a, Kawu.”

“Kai ne yaron Sule?”

“Ni ne, Kawu.”

“Me ka bari a ciki?”

“Yatsa ɗaya.”

“Yatsa ɗaya.” Ya yi ɗan murmushi. “Yaushe kake so?”

“Gobe da azahar.”

“Ɗana, ruwan baba bai san gwamnati ba. A tsoma, a shanya, a tsoma, a shanya, sannan a ɗauraye har ruwan ya fita fari. Kwana uku ke nan in akwai rana. Dubi sama.”

Na duba. Hadari ne daga gabas.

“Kawu, ran Juma’a ake ɗauka.”

“Zan tsoma maka, don uwarka. Amma ɗauraya ba za ta samu yadda ya kamata ba, kuma abin da ruwa zai ci a jikin yadin nan ba ni na ci ba. Ka ji da kunnenka?”

“Na ji.”

Aka tsoma sau biyu a yammacin, sau biyu da safen Alhamis. Rana ba ta fito ba. Muka baza su a rumfar maƙera kusa da wuta, ina juya su ɗaya bayan ɗaya, na kuma san zafi yana ƙara tsuke yadi. Launin ya yi yadda nake so. Wurin ma ya sha shuni, amma na ce a akwatin ba za a gane ba. Da azahar na hau mota da kayan da ɗanshi-ɗanshinsu. Kusa da Onklou ruwa ya cinye hanya, motar ta kafe har gindi, muka kwana a nan. Na isa Titirou ran Juma’a rana ta riga ta ɗaga.

Abu na farko, na sauko da igiyoyin daga ƙusa. Na ɗora ta Sabi a kan rigarsa. Ƙullin ƙirji ya wuce bakin rigar da yatsa biyu da rabi. Na gwada ta Bake, haka. Duka haka. Rarar da na bari yatsa ɗaya ce, kuma don a fito da ita sai an farke ɗinkin da na bi sau uku. Aikin kirkin da na yi shi ya zama mini katanga. Na zauna da ƙaramin almakashi. Kafin kiran salla na buɗe biyar na sake ɗinkewa. Bakwai suka tafi yadda suke.

A bayan dandali na taimaka wa maza sa kaya. Sabi ya ɗaga hannu a hankali, ya sauke.

“Maigida tela, numfashi fa?”

“Ka yi shi kaɗan-kaɗan. Minti goma sha biyu ne.”

Bake ta leƙo daga ɗakin mata ta ce, “Baba Idi, bayan rigar nan kamar ganga.” Na ba ta allurai masu kai ta ƙara, na ce kar ta miƙa hannu har ƙarshe. Ta dube ni, domin rawar duka miƙa hannu ce.

Aka kunna fitilu. Ban taɓa jin zafi irin nasu a cikin ɗaki ba. Na je na tsaya bayan akwatin. Masu rawa suka shigo, manoma baƙi wuluk, makiyaya toka-toka, kowa a fili. Shugaban ’yan tele ya juyo ya ɗaga mini babban yatsa. Bio ya sauke ajiyar zuciya har na ji.

Minti uku na farko tafiya ce da rausaya, ba abin da ya faru. Sai kiɗa ya ƙara wuta, manoma suka ɗaga fartanya sama da hannu biyu. Ku sani, zare in ya tsinke ƙararsa dabam, ƙas-ƙas-ƙas, wannan ana gyara shi. Yadi in ya yage ƙara ɗaya ce doguwa. Ita na ji, duk da gangunan. Hammatar wani yaro a layin baya ce. Ya ci gaba da rawa, hannu a manne. Na ce a raina, in iyakarta ke nan mun tsira.

Gumi ya fara aikinsa. Shunin da ba a ɗauraye ba ya bi hannuwansu ya sauko, ya bi wuya. Aka zo faɗan rijiya, aka cakuɗe, kowane manomi da ya kama makiyayi sai ya bar masa tafin hannu baƙi a ƙirji. A akwatin ma ana gani. Sannan aka zo tsallen mazan manoma. Su shida suka durƙusa tare. Biyu ba su tashi ba. Suka zauna daɓas a ƙasa, gwiwoyi a haɗe, kowa ya san dalili. Bake ta juya juyinta na farko, bujen ya buɗe yadda ya kamata, ta miƙa hannu don na biyu, rigar ta rabe daga wuya har ƙugu. Ta dafe gabanta da hannu biyu ta fita da baya. Manyan baƙi suna zaune a layin gaba. Makaɗa suka daina ɗaya bayan ɗaya.

Bio ya roƙi a ba mu rabin sa’a. Mutumin ya ce abin ɗaukar da ya rage masa ba zai isa a sake gwada abin da ba shi da tabbas ba, kuma ba zai koma Kwatano hannu wofi ba. Ya tambaya ina mai ban dariyar.

Tanko ya shigo bayan dandali ya ɗaura tumbinsa. Sabi ya riga ya tuɓe rigarsa ya yar, ita ma ta buɗe a kafaɗa. Tanko ya ɗauka.

Na ce, “Ajiye wannan.”

Ya ce, “Sarkin Allura, an ba ni minti goma sha biyar, ni kuwa na uku na shirya. Me kake so in yi da sauran, in karanta musu Fatiha?”

Ya cusa kansa a ciki. Rigar ta tsaya masa a saman tumbi, hannuwansa a buɗe kamar kazar da aka gasa. Ya fita haka, yana tafiyar angon da ya karɓo ɗinki ranar ɗaurin aurensa. Ya ce telansa daga ƙetaren hanya ya auna shi, da ido ɗaya, ana ruwa. Ya yi ƙoƙarin gaisawa da surukinsa, hannu ya ƙi zuwa. Ya yi atishawa, ɗinki ya ƙara buɗewa, ya ce alhamdu lillahi, an ƙara masa ɗaki. Ya share gumi da hannun rigar, fuskarsa ta koma shuɗiya. Mai riƙe da kamera sai da ya ciji leɓe don kar hoton ya girgiza. Manyan baƙin da suka ɗaure fuska ɗazu suna share hawaye. Bai ambaci sunana ba. A zauren nan ba mai bukatar a ambata.

Washegari Tanko ya zo rumfa da rigar a ninke da tsire a takarda.

“Da ban sa ta ba, Parakou ba ta fito a tele ba ko kaɗan.”

Na ce, “Haka ne.” Gaskiya ya faɗa. Na karɓi rigar, na ce ya tafi da tsiren.

A lokacin hoton tele bai iso arewa ba, don haka ban ga abin ba. Ma’aikatan jirgi ne suka kawo labari cewa an nuna shi a Kwatano, an kuma sake nunawa. Kafin wata ya ƙare, duk wanda rigarsa ta matse shi a kasuwar Parakou sai a ce masa, “A Titirou aka ɗinka?” Ofis ya kira Bio a kan wanda ya ba da izinin rine koren. Ya ce shi ne. Bai ambace ni ba.

Ga abin da ya tafi a wannan aikin. Kayan manoma goma sha biyu: tara sun yage inda ba a ɗinkewa, uku ba mai iya shigarsu. Na makiyaya, takwas shuni ya ɓata. Wuri kwano guda, ya rine bai koma fari ba. Ɗinkin bale, bayan shekara huɗu, aka ba wani tela. Masu neman buje suka ɗauke ƙafa, sallar shekarar mutum uku ne suka kawo mini yadi. Bio aka mayar da shi aji a wani ƙauye. Sabi ya koma gonar doya a Kolokondé. Bake ba ta sake hawa dandali ba. Rawar kanta, wadda mutum ashirin da huɗu suka yi wata biyar suna koyo, ba wanda ya gan ta sai mu da ke cikin zauren, mu ma rabinta muka gani.